Yadda Ake Kafa Ƙaramin Majigin Lesa a Tsakar Gida ko a Fada, Hoto Ya Fito Tas

Ni mai gyaran salula ne, rumfata tana bakin Kasuwar Dole a nan Damagaram. Na fara haɗuwa da wannan na'ura ne ranar da wani direba mai zirga-zirga tsakanin nan da Kano ya ajiye mini wani abu baƙi a kan tebur, girmansa bai fi salula ba, ya ce wai majigi ne, ya saya a hannun wani amma ya rasa gane kansa. Tun daga nan na kafa irinsa ban san adadi ba: a fadar samari daren ƙwallo, a makarantar dare inda malami ke son nuna wa ɗalibai taswira, a tsakar gida ranar suna. Yawancin masu kawo mini nasu suna ƙorafi, in na duba sai in tarar lafiyarsa lau. Ko dai sun buɗe hoton ya wuce ƙarfinsa, ko sun kunna shi inda akwai haske, ko ƙura ta rufe masa ido.

Abin da ke cikinsa, a taƙaice

Majigin da muka saba gani yana da ƙwan fitila mai ƙarfi, da fanka, da babban gilashi a gaba da ake murɗawa har hoto ya fito. Wannan daban ne. A cikinsa akwai lesa uku, ja da kore da shuɗi. Ana haɗe haskensu ya zama zare guda siriri, zaren ya faɗa kan wani madubi da bai kai ƙwayar gero ba, faɗinsa wajen milimita 1, wanda aka sassaƙa daga silikon. Madubin rawa yake yi, hagu da dama da gudun tsiya, sama da ƙasa a hankali. Wasu na'urorin madubi biyu gare su, kowanne da nasa aikin. Da wannan rawar yake zana hoto layi bayan layi, kamar yadda yaro ke kaɗa icce mai garwashi cikin duhu ka ga da'irar wuta. Hoto mai layi 720 ana sake zana shi sau 60 a sakan guda, layi 43,200 ke nan kowane sakan, ido ba ya iya bi sai ya ga hoto cikakke.

Da yake zaren hasken siriri ne, hoton a saite yake a kowane nisa, babu abin murɗawa. Inda hoto ya yi baƙi kuwa lesar kashe kanta take yi, shi ya sa baƙinsa baƙi ne wuluk. Amma haskensa kaɗan ne ƙwarai. Kamfanin MicroVision na Redmond a Amurka, wanda ya yi suna a wannan fasaha, ya fitar da SHOWWX wajen 2010 da lumen 10 kacal, lumen kuwa ma'aunin haske ne. Sony ya fitar da MP-CL1 a 2015 da lumen 32. Ƙwan LED mai wat 9 da ke rataye a ɗakinka yana ba da wajen lumen 800, ninki 25 na hasken na Sony ke nan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Duk dabarar da zan nuna maka ta tattalin wannan ɗan hasken ce.

Kayan aiki

- Majigin kansa da cajarsa.
- Inda hoton zai fito: salula, kwamfuta, ko dikodar tashoshin tauraron ɗan'adam.
- Kebul ɗin HDMI, mai kai hoto zuwa majigi, gajere, mita 1 ko 1.5. Bakin HDMI iri uku ne, babba da ƙarami da ɗan mitsitsi, saboda haka ka je shago da majigin a hannu a gwada a gabanka.
- Batirin ajiya, wanda ake ce wa pawa-banki, mai ba da volt 5 da amfiya 2. Mai mAh 10,000 ya isa.
- Farin yadi mara sheƙi kamar mita 2, igiya, ƙusa huɗu, da sandar gora ko karan dawa miƙaƙƙe.
- Mazauni: ƙafa uku irin ta masu hoto, in babu, turmi.
- Ƙaramar lasifika da kebul mai kai milimita 3.5, irin na abin sawa a kunne.
- Tef ɗin awo, ko na tela ne.
- Ƙyallen goge tabarau, ƴar robar hura iska, tsinken auduga, da alkol irin na masu gyaran salula.
- Roba mai murfi da ke rufewa ruf, da ƴan ƙunshin nan masu tsotse laima da ke zuwa cikin kwalin sabon takalmi.

1. Tabbatar da abin da ke hannunka

Kasuwa cike take da kwalaye masu rubutun lumen dubu kaza. In ka ga babban gilashi a gaba, da abin murɗawa a samansa, ka kuma ji fanka tana huci, wannan majigin LED ne mai allon LCD a ciki. Akwai kuma DLP, wanda Larry Hornbeck na kamfanin Texas Instruments ya ƙirƙira a 1987. Shi ma ƙananan madubai ke aiki a cikinsa, amma dubban ɗaruruwa ne, a wasu har sama da miliyan biyu, kuma sai an saita masa kaifin hoto. Ba aibata su nake ba, wasunsu ma sun fi namu haske, sai dai wannan bayanin ba nasu ba ne.

Gwaji mai sauƙi: kunna shi a ɗaki mai duhu, ka haska bango daga mita 2, sannan ka sa farar takarda a gabansa da nisan kamu ɗaya. In rubutu ya fito tas a bango ya kuma fito tas a takarda ba ka taɓa komai ba, na lesa ne. Duba jikinsa kuma, za ka ga tambarin gargaɗi ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, da rubutun ajin ƙarfin lesar, 2 ko 3R. Aji 2 ƙiftawar ido na kare mutum in hasken ya gifta masa bisa kuskure. 3R ya fi shi ƙarfi, yana son kula sosai. Ko wanne ne, ba a leƙa tagar da hasken ke fita yana kunne.

Da yawa daga masu shigowa nan na hannu ne. Juya shi ka dubi kusoshin bayansa. In kansu ya cinye, an taɓa buɗe shi, ka bar wa mai shi abinsa ko nawa ya rage maka. Ajiye shi a kan tebur ka danna gefensa, in yana lilo kamar kwale-kwale, batir ya kumbura.

2. Caji da lissafin kuran

Cika majigin da batirin ajiya duka biyun da caji tun da rana, kada ka bari sai magariba, don ba ka san lokacin da za a ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ba. Mai sola ya caja su a inuwa, farantin ne ke son rana.

Batirin da ke cikin irin na Sony yana kai wajen awa biyu yana sabo. Wasan ƙwallo da hutun rabin lokaci da ƙarin lokaci awa biyun ke nan cif, kuma naka ba sabo ba ne. Ga lissafin batirin ajiya: mAh 10,000 a volt 3.7 ya zama wat-awa 37. Cire kamar kashi ɗaya cikin biyar da ke tafiya a zafi, saura wajen 30. Karanta jikin majigin, in an rubuta volt 5, amfiya 1.5, wat 7.5 ke nan. Raba 30 da 7.5, awa huɗu. In batirin ajiyarka na araha ne da aka rubuta masa adadin da bai kai ba, raba amsar biyu.

Kuskuren da nake gani kullum shi ne kebul ɗin caji siriri mai tsawo. Majigi ya yi ta mutuwa yana tashi, a ce ya lalace, alhali kuran ne ba ya isa. Nemi gajere mai kauri.

3. Wuri da lokaci

Bayan sallar isha'i shi ne lokacinsa. Kafin nan sai dai cikin ɗaki a rufe taga da bargo. Tsaya inda allo zai kasance, ka juya ka dubi ko'ina, duk fitilar da ka hango daga nan ita ma tana hango allonka: ƙwan solar maƙwabci, fitilar mai shayi, fitilar titi, fitilun kabu-kabu masu shigowa lungu. Ka sa allon ya juya musu baya, ko ka kare da tabarma. Farin wata ba ya hana kallo, ko daren sha huɗu ne, sai dai ya ɗan rage baƙin hoton. Ƙwan LED guda a tsakar gida kuwa ya isa ya wanke hoton gaba ɗaya.

Lokacin hunturu ka dubi inda iska ke fitowa. Gabas da arewa take taso mana da ƙura, saboda haka ka nemi katangar da za ta tare maka ita, kuma ka yayyafa ruwa a ƙasa kafin mutane su zauna.

4. Allo

Bangon siminti mai sumul da farin fenti mara sheƙi ya fi komai. Bangon ƙasa irin na gidajen Birni kyakkyawa ne a ido, amma yana shanye haske ya mayar da fuskokin mutane ja, sai ka rataya yadi.

Kada ka sa shadda. Na san ita ce fara mai tsada a gida, amma sheƙinta na tara haske wuri guda ya kashe idon na tsakiya, na gefe kuma ya rasa. Farin alawayyo ko zanen gado fari ya fi. In yadin shara-shara ne, ninka shi biyu, don duk hasken da ya ratsa ya wuce baya asara ce. In akwai fitila a bayan allon, ƙara baƙin zane daga baya. Goge shi da dutsen guga tukuna, don kowace tamoji layi take zama a fuskar ɗan wasa. Ɗaure kusurwa biyu na sama da ƙarfi, ka naɗe sandar gora a bakin ƙasa, nauyinta zai miƙar da yadin ya hana iska wasa da shi. In babu yadi, bayan babbar kalanda ko farin kwali ya wadatar da mutum biyar zuwa shida.

5. Nisa da mazauni

A nan ake faɗuwa. Karon farko da na kafa shi a wata fada a Garin Malam, zumuɗi ya ɗebe ni na ja shi baya har sama da mita 3, hoto ya cika katanga. Samari suka yi shewa. Da aka take wasa sai ƴan ƙwallo suka zama inuwa, ƙwallon kanta ba a ganinta. Wani dattijo da ya jawo kujerarsa daga ƙofar gida ya ce, "Ɗana, ƙwallo ce wannan ko aljanu ne ke yawo a bango?" Na ce, "A yi haƙuri Baba, bari in matso da shi." Na dawo da shi mita ɗaya da rabi, hoto ya ragu, launi ya dawo, har lambar riga ana karantawa.

Dalili shi ne, in ka ninka nisa, faɗin hoto ya ninka, tsayinsa ya ninka, fili ya zama ninki huɗu, hasken nan guda kuma shi zai rabu a kai. Kashi ɗaya cikin huɗu ke nan ya rage a kowane wuri. A irin na Sony, mita 1.15 na ba da hoto mai inci 40, faɗinsa kusan santimita 89. Mita 2.3 na ba da inci 80, faɗi wajen mita 1.77. Mita 3.45 na ba da inci 120, wanda ake rubutawa a kwali don talla. Wasu samfuran lissafinsu ya ɗan bambanta, auna naka sau ɗaya ka rubuta a murfin robarsa. Ni shawarata, a tsakar gida kada faɗin hoto ya wuce mita 1.2 zuwa 1.4. A ɗaki mai duhu ƙirin kana iya kaiwa 1.8. Gara mutane su matso kusa da allo.

Mazauni kuma ya zama mai nauyi. Majigin ba shi da nauyi ko kaɗan, kebul ɗin HDMI kaɗai na iya jan sa ya karkace, kuma motsin da bai kai faɗin tsinke ba a wurinsa, a bango ya zama girgizar ƙasa. In babu ƙafa uku, ari turmi wurin uwargida ka kife shi, ba abin da ke girgiza turmi. Ɗaure kebul ɗin a ƙugun turmin da tsumma don kada nauyinsa ya rataya a bakin majigi. Da yawansu hoton daga saitin tagar yake tashi sama, don haka ka daidaita tagar da bakin allo na ƙasa. Ya fuskanci allon sak. In saman hoto ya fi ƙasansa faɗi, to hancinsa ya ɗagu da yawa. Akwai gyaran wannan a cikin saiti, amma yana cin wani ɓangare na hoton, gara ka gyara da bulo da littafi.

Sai batun yara. Da zarar hoto ya fito za su ruga su yi kare da zomo da yatsu a bango, wanda ba laifi ba ne, amma daga nan sai ɗaya ya juya ya leƙa inda hasken ke fitowa, kuma tsayin turmi daidai idon yaro yake. Shimfiɗa tabarma tsakanin majigi da allo, ka ce ba mai taka ta, ka zaunar da babba guda kusa da turmin. In yara sun yi yawa, ɗora majigin a bisa abin da ya fi tsayinsu. Kada a bar madubi ko faranti mai sheƙi a kan hanyar hasken. Masu ɗaukar hoto su ɗauki allo, kada su saita kyamarar salula cikin tagar, lesa na ƙona idon kyamara.

6. Haɗa hoto

Dikoda da kwamfuta ba su da wuya. Kunna majigi tukuna, soka HDMI, sannan ka kunna ɗayan. A kwamfuta mai Windows danna maɓallin Windows tare da P, ka zaɓi a nuna hoto iri ɗaya a allo biyu. In allo ya tsaya baƙi, shiga saitin dikoda ko kwamfutar ka sauke girman hoto zuwa 1280 da 720.

Salula ce mai rigima. Ba kowane bakin USB-C ke fitar da hoto ba. Yawancin salulolin araha da ke hannun mutane caji da tura fayil kawai bakinsu ke yi, ko adafta ta nawa ka saya ba abin da zai fito. Samsung Galaxy jerin S tun daga S8 suna fitarwa, iPhone 15 ma haka, da adaftar USB-C zuwa HDMI. Tsofaffin iPhone masu bakin Lightning sai da adaftarsu ta musamman. Wasu tsofaffin saluloli masu ƙaramin bakin caji na da suna fitar da hoto ta abin da ake kira MHL. Kada ka biya kuɗin adafta sai an gwada da salularka a shagon.

In kebul ya ƙi, saura ta iska. Majigi irin na Sony yana karɓar Miracast. A Samsung sunansa Smart View, a wasu salulolin Cast, in da Faransanci take ka nemi kalmar Diffusion ko Caster cikin saiti. Ba ya buƙatar intanet, ba ya cin kuɗinka, salula da majigi ne ke magana kai tsaye ta Wi-Fi. iPhone ba ta jin wannan yaren. In majiginka ba shi da shi, ana sayar da ƴar na'ura mai kama da filashin ajiya da ake sokawa a HDMI, amma ita ma tana son kuran, sai batirin ajiyarka ya zama mai baki biyu. Ta iska hoto kan ɗan makara, salula kan yi zafi, wasu manhajojin kallo na kuɗi kuma sukan ba ka sauti da baƙin allo saboda kariyar da suka sa wa finafinansu.

Ka tuna duk abin da ya bayyana a salularka bango zai nuna. A wani gidan suna ana tsakiyar nuna hotunan jariri, saƙon budurwar mai salular ya sauko daga sama, harafi kowanne kamar tafin hannu, gwaggonninsa na zaune a layin gaba. Wadda ta iya karatu ta karanta wa sauran da ƙarfi. Sa salula a yanayin jirgin sama, sannan ka sake kunna Wi-Fi shi kaɗai.

Malamai masu shirya darasi: ku yi farin rubutu a kan baƙin shafi, da manyan haruffa. Farin shafi na sa lesa uku aiki ba hutu, ya ci batir ya kawo zafi. Baƙin shafi kusan kyauta ne.

7. Sauti

Lasifikar cikinsa ta mutum biyu ce. Ja kebul daga bakin abin kunne zuwa lasifikarka, ka ajiye ta ƙarƙashin allo. Bluetooth kan sa baki ya riga murya. Kada ka ɗora lasifika a mazauni ɗaya da majigi: kiɗa zai girgiza hoto, kuma wasu madubin da maganaɗisu ake kaɗa su, ba na son babban maganaɗisun lasifika kusa da su. Dare in ya yi nisa a rage murya, akwai masu tashi asuba.

8. Daidaita launi

Bar shi ya yi minti biyar zuwa goma yana aiki kafin ka taɓa saiti, don sai ya ɗumama yake zama daidai. Sannan ka nuna farin rubutu a kan baƙi, ka matsa kusa da allo ka duba, bayanka na ga majigi.

In ka ga harafi da jan gefe a dama, kore ko shuɗi a hagu, lesa ukun ba sa faɗawa wuri ɗaya. Faɗuwa ko jijjigar hanya kan jawo haka, kuma duk abin da ya biyo mota daga Kano ya sha jijjiga. A irin na Sony akwai wurin gyara a saiti mai suna Optical Alignment. Za ka ga layuka masu launi, ka riƙa matsar da su taki ɗaya-ɗaya har su hau kan juna su zama fari. Ni nakan bar kore inda yake, in kawo ja da shuɗi kansa.

In kuwa layukan tsaye sun zama biyu-biyu, ko gefensu ya yi haƙora kamar zarto, wata matsala ce daban. Madubin yana zane a tafiyarsa ta dama, yana kuma zane a dawowarsa ta hagu, to zanen tafiya da na dawowa ne suka saɓa. Gyaransa na nan kusa da wancan, Biphase Alignment. Danna a hankali har layi biyun su zama ɗaya. Wannan gyaran na minti biyu ya sha mayar da majigin da mai shi ya fid da rai da shi kamar sabo.

Akwai abin da ba ya gyaruwa: wasu ƴan ɗige-ɗige masu ƙyalli kamar an watsa yashi a kan hoton, sun fi fitowa a fari da ja. Halin hasken lesa ne in ya faɗa kan abu mai kaushi, ba cuta ba ce, kada ka mayar wa mai shago. In mai kallo ya ja baya kaɗan sukan ragu, kuma yadin da iska ke ɗan motsawa kaɗan-kaɗan ya fi bango ɓoye su.

9. Zafi da ƙwari

Da yawansu ba su da fanka, jikinsu ne ke fitar da zafi. Irin waɗannan ƙananan kaya iyakar da ake rubuta musu digiri 35 ne zuwa 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu rana kan wuce 40, katanga ta kwana tana huci. Alamar ya gaji: hoto ya dusashe, ja ya ja baya fuskoki su koma kore-kore, don jar lesa ta fi sauran rashin jimirin zafi, daga nan ya kashe kansa. Kada ka ɗora shi a kan matashi ko bargo. Sa murfin tukunyar alminiyam ko farantin ƙarfe a ƙarƙashinsa ya riƙa janye zafin, in da ƴar fankar caji ka saita masa ita daga gefe. In ya mutu don zafi, ba shi minti goma sha biyar. Kada ka sa shi a firji ko ka ɗora masa ƙanƙara, raɓa za ta kwanta a kan madubi da gilasan ciki.

Da damina shinge da sauran ƙwari allon suke bi. Kunna ƴar fitila can nesa bayan masu kallo, a inda ba ta haska allo, ka sa kwanon ruwa ƙarƙashinta. In hadari ya taso, majigi za ka fara ɗaukewa kafin yadi.

10. Kashewa, gogewa, ajiya

Kashe shi da maɓallinsa, cire kebul ta hanyar riƙe kansa, ka bar shi ya huce kafin ka rufe shi a roba.

Tagar da haske ke fita ba ta fi farcen ɗan yatsa ba, kuma zaren hasken siriri ne, don haka ɗan hakin da ka raina a kanta, a bango tabo ne ko hazo. Gogewa sai yana kashe. Fara da hura iska da roba, tagar na kallon ƙasa, don ƙurar hunturu yashi ce, in ka goga ta a bushe ta karce gilashin har abada. Kada ka hura da baki, yawu ke bi. Sannan ɗigo ɗaya na alkol a kan tsinken auduga, ba a kan gilashin ba, ka shafa sau ɗaya daga gefe zuwa gefe, ka bi da ƙyallen tabarau. Ban da fetur, ban da turare, ban da bakin riga.

Ajiye shi cikin robarsa da ƙunshin tsotse laima, a ƙasan ɗaki inda ya fi sanyi. Kada a bar shi cikin mota, ko ƙarƙashin sirdin babur, ko saman kabad dab da rufin kwano. In zai daɗe ba a amfani da shi, bar batirin a rabi, ka riƙa ɗan caja shi duk bayan wata ɗaya ko biyu.

Kada ka buɗe shi. Wani ya taɓa ganin tabo a hotonsa, ya ɗauka ƙura ce ta shiga ciki, ya kwance shi da sukudireba ya bi madubin da tsinken auduga. Yaron rumfata ne ya karɓi kayan a leda, ya zazzage a tebur, ya ce, "Maigida, ina madubin da kake faɗa?" Muka sa gilashin ƙara girma, sai ga gurbinsa fayau. Ƴan hannuwan silikon da ke riƙe da shi sun fi gashi siranta, taɓawa ɗaya suka karye. Tabon kuwa a wajen taga yake, shatin yatsa ne. Ban da ɓarna, akwai haɗari: lesar da ke ciki ta fi ƙarfin abin da ke fitowa ta taga nesa ba kusa ba, kuma an yi na'urar ne ta kashe lesa nan take in madubi ya tsaya, wanda ya yi mata kutse bai san abin da ya lalata ba.

Abu ɗaya ne ke sa a buɗe bayansa, batir in ya kumbura ko ya daina riƙe caji. Daina caja shi daga ranar, ka kai wa mai gyaran da ka yarda da hannunsa, ka tsaya a kansa. Ya cire tsohon batir tukuna kafin komai, ya sa mai volt iri ɗaya, kada ya kunna shi murfi a buɗe, kuma ɗan akwatin ƙarfen nan da ke bayan taga, ko kusa ɗaya kada ya kwance a jikinsa.